A Bar 'Yan Nazare Su Ƙera Jirginsu Kafin a Damƙa Musu Fensir

Da zarar Satumba ta kama, cinikin da ya fi tafiya daga Bata zuwa cikin kasuwar Sabon Gari shi ne na komawa makaranta. Iyaye mata na bin rumfuna riƙe da takardar da makaranta ta bayar, suna saye suna sokewa: littafin rubutu kaza, na lissafi kaza, na Turanci, fensir, abin gogewa, fensirin kala, gam, kwali mai launi, wani lokaci har da ƙyalƙyali. Idan aka tambayi ajin da mai kayan yake, sai a ce nazare ɗaya. Shekararsa 3, jakar goyon da za a zuba masa kayan kuma ta kusa taɓa ƙwaurinsa.

Littattafan za su cika, babu shakka. Kafin zango ya yi rabi an kama hannun yaron an bi da shi kan ɗigo-ɗigo har ya fitar da abin da ya yi kama da baƙi, an kuma haɗo shi da jinga ya kai gida, wadda sau da yawa yayarsa ce ke yi bayan sallar isha'i. Gam da kwalin kuwa suna kulle a kabad. Ba za su ga rana ba sai an kusa bikin ƙarshen zango, lokacin da Anti za ta zauna bayan an tashi, ta yanka fure 20 iri ɗaya, ta manna, ta rubuta sunan kowane yaro a ƙasa, a rataye a bango domin iyaye su gani su yaba. Yaron da sunansa ke jikin furen bai taɓa almakashin ba.

An juya abin ne. A makonnin farko na shekarar karatu, aikin hannu ya kamata ya zama shi ne darasin ɗan nazare da ɗan rabin aji, fensir ya biyo baya. Kuma aikin ya zama na yaron da kansa, komai muninsa, da kayan da ke zube a unguwarsu. Makarantun da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa ta Kano, daga Fagge zuwa Sabon Gari, sun fi kowa rashin uzuri a kan wannan, domin suna zaune ne a tsakiyar kayan aikin.

Wanda ya yi firamaren gwamnati a shekarun baya ya san yadda darasin aikin hannu ya mutu. Da farko ɗalibi ne ke saƙa faifai ko ya tufka igiya ko ya ɗaure tsintsiya, malam ya duba ya ba da maki. Daga baya aka fara sayo tsintsiyar a kasuwa a kai. Da tafiya ta yi nisa sai aka sauƙaƙa wa kowa: a kawo kuɗin kawai. Waɗanda suka tashi a wannan zamanin su ne iyaye da malamai a yau, don haka ba abin mamaki ba ne idan suna yi wa aikin hannu kallon wata hanyar tatsar aljihu.

Abin da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada daban ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, bugu na 2013 na manufar ilimi kuma ya ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya na firamare. Takardar ta fito fili cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, cewa ana son a tayar wa yaro da son bincike da ƙirƙira ta hanyar muhallinsa da zane da kiɗa da kayan wasa, kuma malami ɗaya ya riƙe yara 25. Babu inda ta ce ɗan shekara 3 ya cika littafi. Gasar makarantun kuɗi ce ta kawo wannan, kowace na son a ce 'yan nazarenta sun riga na maƙwabciya iya rubuta ɗaya zuwa ɗari.

Mutanen da suna da nasu ma'aunin. Sai yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren kafin a ɗauke shi aji ɗaya. Ana yi wa wannan dariya yanzu, amma aƙalla ya nuna sun san jiki yana da lokacinsa. Riƙe fensir aiki ne na ƙananan jijiyoyin yatsu, na haɗa babban yatsa da manuniya, da sa ido ya bi abin da hannu ke yi. Waɗannan ba sa ƙarfi da umarni. Suna ƙarfi ne idan yaro ya murza yumɓu, ya yaga takarda, ya zura zare a rami, ya tsinci ƙananan abubuwa ya jera. A 2010 David Grissmer da abokan aikinsa sun wallafa wani nazari a Amurka da ya bi diddigin dubban yara, suka ga ƙwarewar yatsu a lokacin shiga makaranta tana cikin abubuwan da ke hasko yadda yaro zai yi a lissafi da karatu shekaru bayan haka. Shi kansa Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan makaranta suna a 1840, da katakon gini da yumɓu da ninke takarda da saƙa ya cika jadawalinsa.

Ba sai an je Jamus ba ma. Makarantar boko ta farko da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe a Kano, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya kafa a Nasarawa a 1909, tana da sashen sana'a inda ake koyon irin su kafinta da ƙira da dukanci. Vischer ya tarar da gari ne da hannu ya ɗaukaka. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya cika shafuka da labarin saƙa da rininta, da yadda tufafinta ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Jar fatar da majema da dukawan wannan ƙasa ke rinawa da karan dafi ta ƙetare Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Karofin Ƙofar Mata yana nan har gobe. Garin da ke da wannan tarihi bai kamata a ce sai an sayo ƙyalƙyali daga Sin kafin ɗansa ya yi aikin hannu ba.

Unguwannin da ake magana a kansu jirgi ne ya mayar da su yadda suke. Layin dogo daga Baro ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya aka haɗe shi da Legas. Turawa sun sa ran auduga, manoma suka ba su gyaɗa, har buhuna suka fi ƙarfin taragai aka shiga jera su dala-dala, abin da sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da shi. Fagge, wadda tun da can zangon fatake ce a wajen ganuwa, ta cika da kantunan Kwarori, a nan ne kasuwar Kantin Kwari take. Sabon Gari kuma an yanka ta ne wajen 1913 domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka taso daga kudu. Yau jirgin ya yi sanyi, ko da yake an farfaɗo da zirga-zirgar Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, amma kasuwannin da ya haifa suna nan suna amayar da kaya kullum.

Kuma duk inda ake kwance kaya akwai abin da ake zubarwa. A Kwari akwai dogayen kwalaye da ledojin da ake cire atamfa da shadda daga ciki. Telolin Fagge na share ƙyallaye kowace yamma, masu launi iri-iri, wasu da sauran aikin zare a jiki, mafi yawansu bola suke tafiya. A kasuwar Singa, kwalayen taliya da na sabulu da na madara sun isa a gina gari. Masu shayi na da gwangwanaye, masu lemo na da murafen roba, masu faci da masu gyaran takalmi na da tsofaffin silifa. Yaran unguwa sun daɗe da sanin darajar waɗannan. Motar langa-langa da manya ke tunawa da ita cikin nishaɗi, daga ƙarfen ɗaure dila ta fito, kuma ba malami ne ya koya wa kowa ita ba.

A dubi motar kara, wadda ita ce uwar su duka. Yaro ya samo karan dawa busasshe mai kauri, ya sa haƙori ko farce ya ɓare ɓawon ya fito siri-siri, ya ajiye gefe. Farin cikin karan mai laushi sai ya gutsuttsura shi, gajere da dogo. Ɓawon nan shi ne ƙusa, shi ne kuma sanda: a soka shi a wannan gutsure, a soka ɗaya bakin a wancan, a hankali sai ga firam mai kusurwa huɗu, sai a tayar da ginshiƙai a ɗora rufi. Taya kuwa daga sakaina ake fafe ta ko a yanko ta daga silifa, a huda tsakiya a zura tsinke. Idan ramin bai zauna a tsakiya ba motar za ta riƙa ɗingishi, kuma mai ita ba ya bukatar a gaya masa, da idonsa zai gani ya sake wata. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, rufin ba zai zauna ba. Awo ke nan, da daidaito, da gwaji, da haƙurin sake abin da ya lalace. Ɗan shekara 4 ba zai iya duka ba, ɓawon kara ma yana yanka. Amma idan malama ta ɓare ta gutsura, sokawa da haɗawa ba su fi ƙarfinsa ba, kuma zai yi minti 20 a kai ba tare da an ce masa ya zauna ba.

Ga ajin da ke jin ƙarar jirgi daga taga, babu aikin makon farko da ya kai ƙera jirgin aji. Kowane yaro ya zo da ƙaramin kwali ɗaya daga gida, na sabulu ko na shayi ko na ashana. Wannan taragonsa ne. A dama sitaci ko ƙullun fulawa a roba, shi ne gam, ba ya cutarwa ko an lasa, kuma za a lasa. A zube ƙyallayen tela a tsakiyar tabarma, kowa ya zaɓi nasa ya shafa ya manna. Wani zai lulluɓe kwalin gaba ɗaya, wata za ta manna guda uku ta ce ta gama, wani zai fi sha'awar sitacin da ke bushewa a yatsunsa, duk daidai ne. Malama ta huda ramuka, yara su zura igiya. Washegari a manna murafe a matsayin tayoyi, a nan ne ƙidaya ke shigowa ba tare da an kira ta ba: naka nawa, saura nawa, wa ya ɗauki biyar. A ƙarshe malama ta rubuta sunan kowa da manyan baƙaƙe a jikin nasa, a ƙulla taragan a bayan babban kwalin da ya zama kan jirgi, a ja shi a zagaya aji.

Amfanin wannan ya wuce yatsu. Makon farko na nazare makon kuka ne. Yaron da aka ɓamɓare daga zanen uwarsa a bakin ƙofa ba allo yake bukata ba, abin da zai riƙe yake bukata, da dalilin da zai sa ya so dawowa gobe. Taragon da bai bushe ba dalili ne. Sannan sunansa da ke jiki shi ne kalmar farko da zai fara ganewa, domin tasa ce, zai neme ta a cikin ashirin.

A Sabon Gari akwai ƙarin dalili. Aji ɗaya na iya haɗa yaron da ake yi wa Ibo a gida, da mai jin Yarabanci, da Bahaushe, da ɗan Idoma ko Tibi, kuma a shekara 3 yawancinsu ba su da Turancin da ake ɗauka ya haɗa su. Malama na magana, rabin ajin na kallon bakinta. Amma miƙo almakashi da riƙe min nan ba sa bukatar fassara. Kalmomin farko na harshen makaranta, ja, kore, babba, ƙarami, sama, ƙasa, sun fi zama idan abin da ake nufi yana hannun yaro lokacin da ya ji su.

Shekarar karatu ma ta zo daidai da abin da ƙasa ke bayarwa. A Satumba damina ba ta gama ɗaukewa ba, yumɓu na da laushi, lokacin gina ƙananan tukwane da murhu da turmi ke nan. Da kaka ta shigo, kara da totuwar masara da ɓawon gyaɗa sun samu, motocin da ke shigowa daga ƙauye cike suke da su. Da hunturu, lokacin da abu ke bushewa nan da nan, sai rini: ruwan zoɓo ya ba da ja, gangamau ya ba da rawaya, a ƙulle farin ƙyalle da zare a tsoma a kwance a ga zanen da ya fito. Masu ɗan girma su gwada saƙar kaba. Makarantar allo ma, da ake yawan mantawa da ita idan ana irin wannan magana, ta daɗe tana sa almajiri ya feƙe alƙalaminsa, ya haɗa tawadarsa da ƙaro, ya wanke allonsa.

Masu ja da wannan suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Ta farko ta iyaye ce. Mahaifin da ya biya kuɗin zango da kyar yana son ya buɗe jaka ya ga rubutu, idan ya ga kwali da sitaci zai ce wasa aka kai ɗansa. Zai ƙara da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ɗanyen ma idan aka matsa masa karyewa yake yi, kuma malaman aji ɗaya sun san yaran da suka iso wurinsu da muguwar riƙon fensir da ƙin littafi tun kafin karatun ya fara. Maganin wannan yana hannun shugabar makaranta: ta tara iyaye tun makon farko ta faɗa musu abin da za a yi da dalilinsa, kuma katin sakamako ya daina ba ɗan shekara 3 na ɗaya da na goma sha bakwai. Ya faɗi abin da ya iya: yana yanka a kan layi, yana zura zare, yana ware launi, yana gama abin da ya fara. Uba yana iya gwada waɗannan a gida da idonsa.

Ta biyu ta fi nauyi. A makarantun gwamnati da yawa rabin aji ya ninka adadin da manufa ta faɗa, wani wuri ba tebur, malama ɗaya ce. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, wanda shi kansa amincewa ne cewa al'amarin ya kai inda ya kai. Sai dai cunkoson da ke hana aikin hannu ya fi hana rubutu, domin ba yadda mutum ɗaya zai kama hannun yara 70 ɗaya bayan ɗaya. Yumɓu a kan buhu a inuwar bishiya, rukuni-rukuni, da 'yan aji biyar ko shida biyu suna taimakawa na rabin awa, ya fi yiwuwa.

Ta uku ita ce haɗari, kuma a nan babu sassauci. Langa-langa da gwangwani mai kaifi da reza ba na nazare ba ne. Duk abin da zai iya shigewa maƙogwaro ko hanci, irin su ƙananan duwatsun ado da waken da ake mannawa, a nisanta shi da 'yan ƙasa da shekara 3, manyansu ma sai da ido a kansu. A wanke murafe da sabulu, a guji kwalin da ya ɗauki maganin ƙwari ko sinadari. Kuma kada a tura yaro ya je tsinto kaya da kansa a bakin kasuwa ko kan layin dogo. Tattara kaya aikin manya ne.

Akwai kuma iyayen da ke ɗari-ɗari da gina siffar abu mai rai. Malamai da dama sun sauƙaƙa a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da hadisan da suka nuna Nana A'isha tana da 'yan tsana. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kuma ba a rasa abin yi ba, jirgi da gida da tukunya da kwale-kwale ba su da rai.

A garin Reggio Emilia na Italiya, wanda makarantun yaransa suka yi suna a duniya, an buɗe wata cibiya mai suna Remida a 1996. Aikinta shi ne karɓar ragowar kayan masana'antu da shaguna masu tsabta, ta tsara su, malamai su zo su ɗiba kyauta. Ba wata fasaha ba ce mai wuya. Shago ɗaya a Fagge, da amincewar ƙungiyar 'yan kasuwar Kwari da ta Singa da ta teloli, da mutum biyu masu warewa da wankewa, ya isa ya ciyar da makarantun ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha na iya sa hannu, amma ko ba ta sa ba, shugabar makaranta ɗaya da buhu biyu da gaisuwa mai kyau ga telan layinsu ta wadatar da ajinta na zango guda. Abin da ya fi kayan wuya shi ne malamar da za ta iya danne hannunta ta bar yaro ya manna taya a rufin tarago. Wannan horo ne, kuma kwalejojin ilimi da ke ba da takardar NCE a fannin renon yara su ne ya kamata su riƙa sa ɗalibansu suna taɓa yumɓu kafin su ba su shaida.

Ita ma tashar tana da rawar da za ta taka. Yara da yawa na Fagge da Sabon Gari suna tsallaka layin dogo a adaidaita-sahu safe da rana, ba su taɓa leƙa cikin tarago ba. Hukumar jiragen ƙasa na iya ware safiya ɗaya a zango, ranar da babu jirgin da ke motsi, ta karɓi 'yan rabin aji rukuni-rukuni da malamansu da izinin iyaye a rubuce, su ƙirga tayoyi, su ga ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago, su ji faɗin tsohon layin da bai wuce ƙafa 3 da rabi ba. Sabon layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, sun fi shi faɗi, kuma za su bukaci direbobi da makanikai da masu walda na shekaru masu yawa. Ziyarar ba ta bukatar kasafi, wasiƙa ce daga sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Fagge zuwa ga manajan tasha, da ma'aikaci ɗaya mai haƙurin amsa tambayar yara.